Yadda Ake Gabatar Wa Ƙananan Yara Al'adun Indiya Ta Hanyar Littattafan Hoto Da Aikin Hannu

A ƙasar Hausa ba sai an sanar da yaro cewa akwai wata ƙasa mai suna Indiya ba, domin fiye da shekara sittin ke nan finafinan ƙasar suna shigowa, tun zamanin gidajen silima na Kano har zuwa yau da ake kallon fassararsu ta Hausa a wayar hannu. Sai dai Indiyar da yaro yake gani a fim ɗan yanki ce ƙwarai, wato rawa da waƙa da faɗan jarumi da bos, kuma mafi yawan waɗannan finafinai ba don yara aka shirya su ba. Ƙasar kuwa tana da mutum fiye da biliyan 1.4, tana da jihohi 28 da wasu yankuna 8 da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya, kuma tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, ban da ɗaruruwan da ba a lissafa ba. Matakan da ke biye an tsara su ne domin iyaye da malaman nazare da na firamare masu kula da yara 'yan shekara uku zuwa takwas, kuma ginshiƙinsu shi ne a fara da labari, a bi shi da aikin hannu da ya fito daga cikin labarin, sannan a riƙa ɗaukar yanki ɗaya na ƙasar a kowane zama.

Mataki na farko: babba ya fara shirya kansa

Kafin a zaunar da yaro, ya kamata wanda zai koyar ya samu taswirar Indiya, ko da a waya ce, ya gane wurare huɗu ko biyar da zai riƙa komawa gare su. Akwai New Delhi, babban birnin ƙasar, da Agra da ke kusa da shi. Akwai Rajastan da Gujarat a yamma, inda ake da hamada da raƙuma da rini, wanda zai yi wa yaron da ya taso a Agadas ko Damagaram sauƙin fahimta. Akwai Maharashtra, jihar da birnin Mumbai yake, sai kuma Tamil Nadu da Kerala a can kudu, inda harshe da abinci da sutura suka bambanta ƙwarai da na arewa. Amfanin wannan shiri shi ne kada babba ya riƙa cewa "Indiyawa suna yin kaza" a kan abin da jiha ɗaya kaɗai ke yi, domin mutumin Tamil Nadu da mutumin Punjab suna iya haɗuwa su kasa fahimtar juna sai da Turanci ko Hindi.

A zana taswirar da girma a kan farin kwali, a liƙa ta a bango daidai tsayin yaro, a bar ta babu kowane ado. Duk lokacin da aka gama wani littafi ko wani aikin hannu, yaron ne zai sa alama a wurin da abin ya fito.

Mataki na biyu: zaɓen littafi

A nan ne aka fi yin kuskure, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. Littafin da ya fi dacewa shi ne wanda Ba'indiye ya rubuta ko ya zana hotunansa, yana ba da labarin yaro na yau da kullum: yarinyar da ke rakiyar kakarta kasuwa, yaron da ke jiran saukar damina, 'yan makaranta a cikin keke mai ƙafa uku irin wanda muke kira adaidaita sahu, ko iyali a cikin jirgin ƙasa. Irin wannan littafi yana nuna al'ada ba tare da ya tsaya yana yin lacca ba, domin yaro zai ga da idonsa cewa ana cire takalmi a ƙofa, ana cin abinci da hannun dama, ana zama a ƙasa a kan tabarma, kaka tana zaune a gida ɗaya da jikoki. A guji littafin da babu komai a cikinsa sai fadar sarki da giwa da mai wasa da maciji, haka kuma a guji wanda bai nuna komai ba sai talauci da datti, domin dukansu biyun suna barin yaro da gurguwar fahimta.

A kuma lura da launin fatar mutanen da aka zana. Finafinai sun saba wa yaranmu da cewa Ba'indiye fari ne sol, alhali miliyoyin mutanen ƙasar, musamman a kudu, baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa. A zamanin da man bilicin ya cika kasuwanninmu, littafin da jarumarsa baƙar yarinya ce mai kitso da fara'a yana da amfanin da ya wuce koyar da al'adun wata ƙasa.

Game da inda za a samu littattafan, hanya mafi sauƙi ita ce dandalin StoryWeaver, wanda kamfanin Pratham Books na birnin Bengaluru ya buɗe a intanet a shekarar 2015. Littattafansa kyauta ne, ana iya karanta su a waya ko a sauke su a buga a takarda, an jera su bisa matakan iya karatu, kuma lasisinsu ya yarda a fassara su zuwa wani harshe muddin an ambaci marubuci da mai zane. Wannan yana nufin malamin da ya iya Turanci zai iya mayar da labari zuwa Hausa domin ɗalibansa ba tare da ya keta haƙƙin kowa ba. Wanda yake da halin sayen littafi, ko yake da ɗan'uwa da ke karatu ko jinya a Indiya, sai ya nemi na Tulika ko na Tara Books, dukansu a birnin Chennai suke, kuma Tara ta yi suna wajen aiki da masu zanen gargajiya na karkara. Akwai kuma jerin littattafan labarai da tarihi cikin zane-zane na Amar Chitra Katha, waɗanda aka fara bugawa a 1967, amma rubutunsu yana da yawa, kuma da yawa daga cikinsu labaran alloli ne da yaƙe-yaƙe, saboda haka ba su dace da ɗan ƙasa da shekara takwas ba.

Idan za a buga littafi daga intanet, a buga shi da launi in da hali, ko da guda biyu ne kawai, domin a littafin hoto launin ma yana cikin labarin. A sa shafukan a cikin leda mai haske ko a liƙa su a kan kwali, saboda hannun ɗan shekara huɗu ba ya tausayin takarda. Ga ɗan shekara uku zuwa biyar, a zaɓi mai jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi. Ɗan shekara shida zuwa takwas yana iya jure labari mai ɗan tsawo da ke da matsala da warwara.

Tatsuniyoyin dabbobi na Panchatantra, wani tsohon littafin Indiya, suna da matsayi na musamman a wurinmu. An rubuta su da harshen Sanskrit, aka fassara su zuwa Farisancin dā a ƙarni na 6, sannan Ibnul Muƙaffa ya mayar da su Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna, littafin da malaman ƙasar Hausa suka daɗe da saninsa. Saboda haka idan aka karanta wa yaro labarin zomon da ya yaudari zaki ya faɗa rijiya, ko na birin da ya ce wa kada ya baro zuciyarsa a kan bishiya, ba zai ji su baƙi ba, zai ji su ne kusa da tatsuniyoyin gizo da ƙoƙi. Haka nan labaran sarki Akbar da bafadensa Birbal mai wayo suna burge yaran da suka ɗan tasa.

Mataki na uku: a yanke shawara a kan maganar addini tun kafin a buɗe littafi

Ba za a iya koyar da al'adun Indiya a kauce wa addini ba, kuma gara babba ya san matsayinsa tun da wuri da a ce tambayar yaro ta zo masa ba shiri. Bisa ƙidayar 2011, kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar mabiya addinin Hindu ne, Musulmi sun ɗan haura kashi 14, wato fiye da mutum miliyan 170 a lokacin, sannan akwai Kiristoci da Sikh masu manyan rawuna da mabiya Buddha da Jain. A cikin littattafan za a ci karo da hotunan gumaka, da wuraren bauta, da bukukuwa irin su Diwali, wanda ake yi a watan Oktoba ko Nuwamba ana kunna ƙananan fitilun yumɓu, da Holi, wanda galibi yake faɗowa a watan Maris ana watsa wa juna garin launi.

Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a raba tsakanin sanin abu da aikata shi. Idan yaro ya nuna hoto ya ce mene ne wannan, a gaya masa gaskiya a taƙaice: wannan abin bautar mabiya addinin Hindu ne, su haka suka yi imani, mu kuma ga abin da muka yi imani da shi. Kada a yi ƙarya a ce ado ne kawai, kada kuma a yi zagi ko izgili, domin yaron da aka koya wa yi wa baƙo dariya a littafi zai yi wa maƙwabcinsa a unguwa. A wajen aikin hannu kuma a zaɓi abin da ba ibada ba ne. Iyayen da ba su natsu da ƙera fitilar Diwali ba suna iya karanta labarin bikin su tsaya a nan, babu abin da ya ragu. Yana da kyau kuma a haɗa da littafi ɗaya a kan yadda Musulmin Indiya suke azumi da salla: cikar jama'a a babban masallacin Delhi da ake kira Jama Masjid, da taliyar madara mai dabino da ake sha ranar ƙaramar salla, da kuɗin barka da salla da manya ke ba yara. Yawancin yaranmu suna mamaki idan suka ji cewa akwai masu salla da yawa haka a Indiya.

Mataki na huɗu: yadda ake karatun

Babba ya karanta littafin shi kaɗai tukuna, ya san inda zai tsaya da abin da zai tsallake. Lokacin zama da yaro, a fara da bangon littafin, a bar shi ya faɗi abin da yake gani, sannan a je taswira a nuna masa inda labarin ya faru. Minti goma zuwa goma sha biyar sun isa. Idan littafin na Turanci ne, a ba da labarin da Hausa ana nuna hotuna, ba sai an fassara kalma bayan kalma ba.

Ga misali da labarin dilan da ya zama shuɗi, wanda yake cikin Panchatantra. Yunwa ta kori dila ya shiga gari da dare, karnuka suka fafare shi, garin gudu ya faɗa cikin tukunyar baba ta wani marini, ya fito shuɗi tun daga kunne har wutsiya. Da ya koma daji dabbobi ba su gane shi ba, tsoro ya kama su, shi kuma ya ce an aiko shi ne ya zama sarkinsu, ya naɗa zaki da damisa fadawa, ya kori sauran diloli don kada su tona masa asiri. A nan ne za a rufe littafin a tambayi yaro: kana ganin za su gane shi? Ta yaya? A bar shi ya yi ta hasashe. Sannan a buɗe a ci gaba: wata rana da dare ya jiyo 'yan'uwansa suna kuka daga nesa, ya manta da sarauta, ya ɗaga kai ya amsa musu, nan take dabbobin suka gane ko wane ne. A asalin labarin kashe shi suka yi, amma ga ɗan shekara huɗu ya isa a ce sun kore shi ya ruga da gudu. A bar yara su kwaikwayi kukan dilan, domin wannan ne wurin da suka fi jin daɗi, kuma shi ne zai sa su nemi a maimaita gobe.

Bayan an gama, tambayoyi biyu sun wadatar: me ka gani wanda mu ma muna da shi, me kuma ka gani wanda ba mu da shi? A wannan labari amsar ta farko ita ce marina, kuma yaron da ya taɓa wucewa ta marinar Ƙofar Mata a Kano zai faɗe ta da kansa.

Mataki na biyar: aikin hannu

A yi aikin a ranar da aka karanta labarin ko washegari, tun hotunan suna cikin kan yaro. A shimfiɗa tsohuwar jarida ko buhu, a sa wa yara tsofaffin riguna, kuma duk abin da ya shafi wuƙa ko wuta babba ne zai yi.

*Zanen Warli.* Wannan shi ne ya fi cancanta a fara da shi, domin duk yaron da ya iya riƙe alli zai iya. Warli wata ƙabila ce da ke zaune a arewacin Mumbai, kusa da iyakar Maharashtra da Gujarat, kuma a al'adance mata ne ke yin zanen a bangon ɗakin ƙasa lokacin aure, da farin ƙullun shinkafa da aka haɗa da ƙaro, suna amfani da tsinken gora da aka tauna bakinsa ya yi laushi. A shekarun 1970 wani mai zane, Jivya Soma Mashe, ya fara yin sa a kan takarda da ƙyalle, daga nan duniya ta san shi. Kayan aiki su ne guntun kwali mai ruwan ƙasa, da farin alli, ko kuma garin shinkafa cokali biyu da aka dama da ruwa kaɗan da ɗan ƙaro ko gam, da tsinken tsintsiya. A nuna wa yaro yadda ake zana mutum: alwatika ɗaya mai kallon ƙasa ita ce ƙirji, wata mai kallon sama ita ce ƙugu, tsininsu ya haɗu a tsakiya, ƙaramar da'ira a sama ita ce kai, sai layuka huɗu masu lanƙwasa a matsayin hannu da ƙafa. Mace ana ƙara mata ɗan dunƙulen gashi a ƙeya. Idan yaro ya iya mutum ɗaya, a sa shi ya jera goma suna riƙe da hannun juna a zagaye, a tsakiya a sa mai busa, wato rawar tarpa ke nan, wadda ake yi da wani abin busa na duma da gora. Daga baya a bar shi ya zana gidansu da wannan salo: mai daka a turmi, mai ɗauke da tulu, akuya da kaji. Kada babba ya gyara masa layin da ya karkace, domin da ma zanen ba na ma'auni ba ne.

*Kolam da rangoli.* A Tamil Nadu mata suna share ƙofar gida da asuba, su yayyafa ruwa, su zana ado da garin shinkafa, wanda ake kira kolam, kuma daga cikin dalilan amfani da garin akwai ciyar da tururuwa da tsuntsaye. A arewa da yammacin ƙasar ana yin irinsa da garin launi, ana kiransa rangoli, a Kerala kuwa da furanni ake yi lokacin bikin Onam. Masu yin sa da yawa suna danganta shi da neman albarka, saboda haka mu abin da za mu ɗauka shi ne fasahar ɗigo da layi, a kan allo ko takarda. A ɗiga ɗigo tara, uku a jere sau uku. Ƙaramin yaro ya haɗa ɗigon da layi ya fitar da fure ko tauraro. Wanda ya kai shekara shida kuma a ba shi aiki mai wuya: layinsa ya riƙa kewaya ɗigon ba tare da ya taɓa su ba, har ya dawo inda ya faro. Idan ya ƙware a ƙara zuwa biyar sau biyar. Wannan wasa yana koyar da ƙirga da daidaiton gefe da gefe, kuma yana gyara riƙon fensir. In ana son mai launi, a tankaɗe yashi mai laushi, a rina wani da ruwan zoɓo mai kauri, wani da gangamau, wani da shuɗin wanki, a shanya, sannan a shafa gam a kan zanen a barbaɗa. Yashi ya fi hatsi dacewa, don kada yaro ya saba wasa da abinci.

*Buga zane a ƙyalle.* Wannan ne abokin tafiyar labarin dila. A garuruwan Bagru da Sanganer da ke kusa da Jaipur, babban birnin Rajastan, masu sana'a suna sassaƙa zane a kan katako, su tsoma a rini, su buga a kan yadi da hannu, layi bayan layi. A gida sai babba ya raba dankalin turawa biyu, ya sassaƙa ganye ko siffar mangwaro mai lanƙwasasshen baki, wadda ta yi yawa a yadukan Indiya. Wanda ya fi sauƙi ma shi ne a yanka kuɓewa a gicciye, domin cikinta da kansa fure ne. A zuba fenti kaɗan a kan soso a cikin faranti, yaro ya danna dankalin a kan soson, sannan ya danna a kan farin ƙyalle ko takarda. Abin da za a koya masa shi ne maimaitawa bisa tsari, wato ganye, fure, ganye, fure, har layin ya cika. Idan fentin ya yi ruwa zanen zai baje, saboda haka a goge dankalin da tsumma kafin a fara, kuma a gwada a jarida tukuna.

*Lalle a takarda.* Amaren Indiya suna yin lalle, wanda suke kira mehndi, kuma a nan ba mu da abin da za a koya mana sai dai kwatanta salo. Yaro ya ɗora tafinsa a takarda a zagaye shi da fensir, ya cika shi da ɗigo da furanni da gashin ɗawisu, tsuntsun da Indiya ta ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa. A ajiye hoton hannun amaryar Indiya kusa da na amaryar Hausa a bar yara su nemo bambanci. Kada a shafa wa ƙaramin yaro baƙin lallen da ake haɗawa da dayis, domin yana ƙona fata, yana kuma jawo borin jini.

*Taj Mahal da tuta.* Waɗannan biyun ba sa cin lokaci. Sarki Shah Jahan ne ya gina Taj Mahal a Agra da farin dutse, a matsayin kabarin matarsa Mumtaz Mahal da ta rasu a 1631, kuma gefensa na dama daidai yake da na hagu. A ninka farar takarda biyu, a zana rabin ƙubba da rabin gini da hasumiya a jikin ninkin, a yanka da almakashi, a buɗe, sai ginin ya fito cikakke, a liƙa shi a kan shuɗiyar takarda. Tutar Indiya kuma ruwan goro ce a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, da shuɗiyar da'ira irin ƙafar keke mai sanduna 24 a tsakiyar farin. Yaran Nijar za su ce ai tutarsu ce, domin jerin launukan ɗaya ne, sai dai ta Nijar da'ira ce mai ruwan goro a tsakiya. A sa su yi duka biyun su jera, manyan cikinsu kuma su ƙirga sandunan.

Mataki na shida: a shiga kicin sau ɗaya

Yawancin littattafan suna ambaton abinci, kuma abu biyu suna da sauƙin yi da yara. Na farko shi ne lassi: kindirmo kofi ɗaya, ruwan sanyi rabin kofi, sukari kaɗan, da mangwaro nunanne in lokacinsa ne, a burga ko a markaɗa. Na biyu shi ne chapati: a kwaɓa garin alkama da ruwa da ɗan gishiri, a bar shi ya huta kamar minti ashirin, a ba kowane yaro ɗan curi ya murza da kwalba har ya yi faɗi, babba ya gasa a busasshen kasko. Idan akwai kayan ƙamshi a gida, a zuba citta da kanumfari da kirfa da gangamau a ƙananan murafe, a rufe wa yaro ido ya shinshina ya faɗi sunansu, sannan a gaya masa cewa ukun farko suna shiga shayin Indiyawa, na ƙarshen kuma shi ne ke sa miyarsu ta yi rawaya.

Mataki na bakwai: tsara lokaci da adana aikin

Zama ɗaya a mako ya isa, littafi ɗaya da aiki ɗaya, kuma idan yaro ya nace a maimaita littafin makon jiya, a maimaita masa. Ana iya bin yankuna ɗaya bayan ɗaya, misali Maharashtra da zanen Warli, Tamil Nadu da kolam, Rajastan da buga zane, Agra da Taj Mahal. Ana kuma iya bin kalanda: tsakiyar Janairu lokacin bikin girbi ne na Pongal a kudu, Yuni zuwa Satumba daminarsu ce, wadda ta zo daidai da tamu, ranar 15 ga Agusta kuma ita ce ranar da ƙasar ta samu 'yancin kai a 1947. A aji mai yara da yawa, a raba su rukuni na biyar ko shida, kowane rukuni da farantin fenti ɗaya, a yanka dankali da kwali tun kafin su shigo, sannan a sanar da iyaye abin da za a yi tun da wuri, musamman idan littafin ya taɓo bikin addini.

A samu babban littafin zane ko a ɗinke kwalaye da zare, a riƙa liƙa kowane aiki a shafinsa, a rubuta kwanan wata da sunan jihar da aikin ya fito, a ƙasa kuma a rubuta jimla ɗaya daga bakin yaron kamar yadda ya faɗe ta, ba tare da gyara ba. Idan akwai wanda ya taɓa zama a Indiya a cikin dangi ko unguwa, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko wanda ya je jinya, a gayyace shi ya duba littafin tare da yaran, a kuma roƙe shi ya zo da takardar kuɗin rupi in yana da ita. A bayanta akwai ɗan akwati da aka rubuta darajar kuɗin da harsuna 15, ban da Hindi da Turanci, sai a ba yara su duba da kyau su nemo na Urdu, wanda haruffansa suka yi kama da ajamin da suke gani a allo.